Ihu Bayan Hari: Ƙwayar Awo da Kwana 28 na Farkon Ciki

Wata Juma'a cikin kakar 2022, kasuwar Dogon Dutsi na ci, ina tsaye a bakin tasha sai na ji an ce: "Malam, ina wuni?" Da na waiwaya sai na ga wata tsohuwar ɗalibata ce, wadda na koya wa Faransanci da Hausa shekara biyu kafin a cire ta daga kolej a yi mata aure a wani ƙauye na yankin Tibiri. Tana rungume da jariri a ƙirji, alhali ga zanen goyo a kafaɗarta. Macen Arewa kuwa ba ta rungumar ɗa cikin cunkoson kasuwa sai da dalili. Na ce: "Ɗiyata, lafiya dai?" Ba ta amsa ba, sai ta yaye zane. A ƙasan bayan yaron, daidai tsatso, akwai wani ƙullutu kamar tumatir, fatarsa shara-shara, yana tsattsafo da ruwa. Ƙafafunsa kuma a sake, ko an taɓa su ba su motsi. An rubuta mata takarda zuwa Yamai, tafiyar kilomita kusan 275, mijinta ya sayar da tunkiya da buhun wake biyu don kuɗin mota da na magani.

Abin da ta faɗa mini kafin motar ta tashi shi ne ya hana ni sakat har yau. Ta ce: "Malam, wallahi na sha maganin. Duk ƙwayar da aka ba ni wurin awo na shanye, ban bar ko ɗaya ba." Na tambaye ta yaushe ta fara zuwa awon. Ta sunkuyar da kai, ta ce a wata na biyar. Yaron bai cika wata uku a duniya ba.

Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma yi sakaci ba. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wurin awo tana ɗauke da ƙarfe da wani sinadari da ake kira asid folik, kuma wannan sinadari shi ne ke hana mafi yawan irin nakasar da na gani a bayan ɗanta. To amma an ba ta shi ne bayan aikin gama ya gama da kusan wata huɗu. Abin da nake son in tsaya a kansa ke nan: a ƙasarmu muna da maganin, muna sayen sa, muna raba shi, muna rubuta adadinsa cikin rajista, sai dai muna miƙa shi a lokacin da ba ya iya hana komai ta wannan fanni. Hausawa na kiran wannan ihu bayan hari.

Ga yadda abin yake, ya kai mai karatu. A mako na uku da shigar ciki, wani ɗan faifai ke bayyana a bayan ɗan tayi, sai gefunansa biyu su naɗo su haɗu kamar yadda ake naɗe tabarma, su zama kororo. Daga kororon nan ne ƙwaƙwalwa da laka ke samuwa. Haɗuwar na kammala wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da ɗan tayin bai fi ƙwayar dawa girma ba, uwar kuwa duka-duka mako biyu ke nan da ɓatan watanta, tana wasiwasi ko ciki ne ko ba ciki ba ne. In kororon bai haɗe ta ƙasa ba, sai a haifi yaro da buɗaɗɗen baya, abin da lokotoro ke kira sipina bifida: ƙafafu su shanye, yaro ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, sau da yawa kuma ruwa ya taru a kai har kan ya yi ta girma. In ta sama ne bai haɗe ba, sai a haife shi babu ƙoƙon kai, wannan kuwa ba ya rayuwa. Jiki na bukatar asid folik, wato bitamin B9, domin ƙwayoyin halitta su rarrabu da sauri a cikin waɗannan kwanaki. Tilas ne jinin mace ya riga ya ƙoshi da shi kafin cikin ya shiga, domin kuwa tun ran gini ran zane.

Wannan ba sabon labari ba ne. Tun 1931 wata likita Baturiya, Lucy Wills, ta gano a birnin Bombay na Indiya cewa akwai wani abu cikin yisti da ke warkar da ƙarancin jinin masu ciki. A 1991 wani babban bincike da hukumar binciken lafiya ta Ingila ta jagoranta a ƙasashe 7, kan mata 1817 waɗanda suka taɓa samun ciki mai irin wannan nakasa, ya nuna cewa shan asid folik tun kafin ɗaukar ciki ya rage sake aukuwarta da kashi 72 cikin ɗari. A 1992 aka tabbatar a ƙasar Hangari cewa yana kare har matan da abin bai taɓa samu ba. A 1999 aka buga sakamakon wani aiki na ƙasar Sin kan mata kusan 250.000: a lardin arewa, inda talauci da nakasar suka fi yawa, miligiram 0,4 a kullum ya rage ta da kusan kashi 80 cikin ɗari. A lura da wannan da kyau: inda aka fi talauci, nan maganin ya fi aiki. Amurka da Kanada sun wajabta zuba sinadarin cikin garin abinci a 1998. A Kanada nakasar ta ragu da kashi 46 cikin ɗari. Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2003, ta samu ragin kusan kashi 30. Duk da haka, an ƙiyasta cewa a shekarar 2015 kaɗai ciki kusan 260.000 ne abin ya shafa a duniya, mafi yawansu a ƙasashe irin tamu.

Kada wani ya ce ai wannan ciwon Turawa ne, ko kuwa ba a taɓa gaya mana ba. A 2001 Farfesa Samuila Sanoussi, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a babban asibitin ƙasa na Yamai, shi da abokan aikinsa suka buga rahoto a mujallar Médecine d'Afrique Noire kan yara 387 da suka gani da wannan nakasa cikin shekara 10, suka kuma yi kira a fili da a riƙa ba mata asid folik tun gabanin ɗaukar ciki. Waɗannan 387 su ne waɗanda iyayensu suka samu tunkiyar sayarwa. Waɗanda aka haifa a ɗaki a Sukukutan ko Dogon Kiriya, aka rufe su kafin ranar suna, ba su shiga lissafin kowa ba. Yau fiye da shekara 20 ke nan da wannan kira na ɗan ƙasa, ba na baƙo ba. Yarinyar da na gamu da ita a tasha ba a ma haife ta ba lokacin da aka yi shi.

To ina gizo ke saƙar? Na farko, mun rataya dukan al'amarin a wuyan awon ciki. Gaskiya ne tun 2006 gwamnati ta mai da awo kyauta, kuma mata sun amsa: binciken ƙasa na 2012 ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na zuwa awo aƙalla sau ɗaya. Amma kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zuwa sau huɗu, kuma mafi yawansu ba su farawa sai cikin ya wuce wata uku. Masu zama a ofis su kan ce jahilci ne. Ni na ce rashin sanin mutanensu ne ke damunsu. Wace amarya ce a Matankari ko Gesheme za ta ɗauki ƙafa ta ratsa gari zuwa likita, a gaban surukai da maƙwabta, don ta sanar da cikin fari na mako biyu? Kunya ta hana, tsoron baki da maita ya hana, kuma uwarta da kakarta sun koya mata cewa ciki ba a shelarsa, shi ke shelar kansa. Ko da ma an kawar da kunyar baki ɗaya, ko da kowace mace ta ruga likita ran da ta tabbata tana da ciki, kwana 28 sun riga sun cika ko suna gab da cika. Tsarin da ke jiran mace ta ce "ina da ciki" kafin ya ba ta asid folik, tsari ne da ya makara tun daga tushe. Ban ce a daina ba da ƙwayar wurin awo ba. Tana maganin ƙarancin jini, wanda ke kashe mata wurin haihuwa. Na ce a daina ruɗin kai cewa da ita ake kare bayan jariri.

Na biyu, za a ce mini ai an yi doka. Haka ne: tun shekarun 2000 ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince a riƙa ƙara ƙarfe da asid folik cikin fulawa, bitamin A kuma cikin man girki, Nijar ma ta wajabta, shi ne tambarin nan na Enrichi da ake gani a jikin buhu. Madalla. Sai dai ina tambaya: fulawa abincin wa ce? Ma'aikacin Yamai da ke karya kumallo da burodi kowace safiya, matarsa ta samu kariya ko ba ta sani ba. Matar manomi a Dallol Mauri kuwa fura take sha, tuwon hatsi take ci, hatsin da ta surfa a turminta ko ta kai injin niƙa na unguwa. Fanke ko taliya sai ran kasuwa. Dabarar ta ci nasara a Afirka ta Kudu ne saboda garin masarar da talaka ke ci kullum daga manyan masana'antu yake fitowa. Mu kuwa mun kwafo dokar, mun manta da duba tukunya. Sakamakon shi ne an kare waɗanda suka fi kowa abinci mai kyau da kusanci da asibiti, an bar waɗanda suka fi bukata.

Wani kuma zai ce: ai muna da wake da zogale da gujiya da rama da yakuwa, kakanninmu ba su sha ƙwaya ba. Gaskiya ne wake na cikin abincin da ya fi kowane yawan wannan bitamin, hanta ma haka, ɗanyen ganye ma haka. Sunan folik ɗin kansa daga kalmar Latin mai nufin ganye aka samo shi. Amma wake a Arewa kuɗi ne kafin ya zama abinci: da an yi girbi ake auna shi a loda a mota. Ganyen miya kuwa a rana ake shanya shi, a daka, a dafa har ya narke, zafi da doguwar dahuwa kuma na lalata bitamin ɗin. Daga watan Afrilu zuwa faɗuwar damana, me ke cikin tukunyar talaka in ban da kuka da gishiri? Har a ƙasashen da abinci ya wadata an ga cewa abinci kaɗai ba kasafai yake kai jinin mace matakin kariya ba. A ci wake, a ci zogale, amma kada a mai da su hujjar naɗe hannu.

Na uku, mu kanmu. In aka haifi irin wannan yaro a ƙauye, ba a rasa mai cewa uwar ta fita da magariba, ko ta yi wanka a bakin tafki, ko iskoki sun musanya mata ɗa. Sai yarinya ƴar shekara 16 ta haɗa ciwon rashin ɗa da na zargi, wata ma har igiyar aurenta ta yi rawa. Waɗanda suka bar zancen iskoki kuma sai su rufe bakin kowa da kalma ɗaya: ƙaddara. Babu mai musun ƙaddara. Amma waɗanda suka kai shekaruna sun san kurkunu, sun san yadda yake kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar noma, ana cewa haka Allah ya so. Da aka gane daga ruwan tafki yake, aka tace ruwa da ƙyalle, aka haƙa rijiyoyi, har a watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba Nijar shaidar rabuwa da shi. Wa ya ce tace ruwa jayayya ce da Ubangiji? Manomin da ya ƙi shuka ya zauna jiran ƙaddara, sunansa malalaci ko a bakin liman.

Laifin da ya fi ci mini rai shi ne namu, mu ƴan boko. Ni malamin harsuna biyu ne, na kuma san cewa abin da ba shi da suna a harshen mutane, ba shi da mazauni cikin tunaninsu. Duk abin da aka rubuta kan wannan al'amari a ƙasar nan, kusan da Faransanci aka rubuta shi, domin masu Faransanci. Ungozomar likita ta ce "maganin ƙarin jini", ta tsaya nan, sai mace ta ɗauka in ba ta jin jiri ba ta bukatarsa. Shekara biyu yarinyar nan na zaune a gabana. Na koya mata namiji da mace na kalmomin Faransanci, na koya mata karin magana da ka'idojin rubutun Hausa, amma ban taɓa gaya mata jimla ɗaya da za ta iya ceton ɗanta ba, domin ni ma a lokacin ban sani ba. Jimlar kuwa gajera ce: ƙwayar gyaran bayan jariri kafin ciki ake shan ta.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma babu ɗaya a ciki da ke bukatar sabon gini. Binciken 2012 ya nuna cewa mata uku cikin huɗu a Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kuma kowa ya san cikin fari ba ya daɗewa bayan tarewa. Ke nan ranar da aka sa ranar aure ita ce ranar fara shan ƙwaya: miligiram 0,4 kullum, aƙalla wata ɗaya kafin tarewa, in da hali wata uku, a ci gaba har ciki ya cika mako 12. Muna kashe dubban jikkuna kan akwatin lefe da kayan ɗaki, muna tsare amarya a yi mata lalle da dilka da tsimi. Me zai hana ƙwayar nan ta shiga cikin gyaran amarya, ta hannun gwaggo da inna waɗanda maganarsu ba ta faɗuwa ƙasa? Limamin da ke ɗaura aure ya tambayi waliyyi, kamar yadda yake tambayar sadaki. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram a 2008 sun nuna cewa namiji na saurare in aka yi masa magana a majalisarsa.

Sai mai goyo. A ƙasar da mace ke haihuwa sau shida ko fiye, kamar yadda binciken 2021 ya nuna, matar da ta kawo ɗanta rigakafin wata tara ita ce mai cikin gobe. Ga ta a gaban ma'aikacin lafiya, babu kunya, babu ɓoyo. A nan ya kamata a miƙa mata. Ƴan mata na kolej da lise kuma, tun 2011 OMS ta ba da shawarar a riƙa ba su ƙwaya ɗaya a mako mai ƙarfe miligiram 60 da asid folik miligiram 2,8. A mai da wannan ƙa'ida a kowace makaranta, a kuma kula kada a musanya ta da ƙaramar ƙwayar kullum. Ita kuwa matar da ta taɓa haihuwar irin wannan yaro, hatsarin maimaituwa gare ta ya ninka na sauran mata sau da yawa, haƙƙinta ne lokotoro ya rubuta mata babban awo, miligiram 5 a kullum, kafin wani cikin. Tsohuwar ɗalibata ta je ta dawo babu wanda ya gaya mata haka. Sai da na aiki maiɗakina ta same ta.

Daga ƙarshe, hukuma ta nemi abin da ke shiga kowace tukunya. Gishiri ne, da dunƙulen miya. Tun shekarun 1990 muke sa aidin cikin gishiri don maganin maƙoƙo. An gwada haɗa shi da asid folik a Indiya da Habasha, aka ga bitamin ɗin ya ƙaru a jinin mata. A arewacin Gana an gwada da dunƙule. A watan Mayu na 2023 babban taron OMS ya zartar da ƙuduri yana kiran ƙasashe su ƙarfafa abinci don hana sipina bifida. Na san gishirin Foga da na Bilma ba su bi ta masana'anta, amma wannan dalili ne na zama a yi nazari, ba na yin shiru ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce ƙwayar hana haihuwa ce aka sake wa riga, kamar jita-jitar da ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Maganin wannan shi ne a fara da sarakuna da malamai da ungozomomin gargajiya, a faɗa musu gaskiya da Hausa, a gidajen rediyon karkara da ƙofar fada: wannan ƙwaya ta masu son haihuwa ce. A kuma faɗi iyakarta: ba ta hana kowace nakasa, ba ta maganin sikila, kuma ko a wannan fanni wasu ƴan kaɗan za su kuɓuce. Za a ce ƙasar na fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da rashin tsaro, wa ke ta bayan jariri? Ni kuwa na ce ƙasar da ke iya bin gida gida da ɗigon shan inna da maganin zazzaɓin damana ba za ta ce ƙwaya mai arha irin wannan ta gagare ta ba. Jan ƙafa ma ba mu kaɗai ke yin sa ba: Ingila da ta jagoranci binciken 1991 sai a 2021 ta yanke shawarar wajabta sinadarin cikin fulawa. Amma su suna da asibitin da zai ɗinke bayan yaro a kwanansa na farko, su bi shi da keken guragu har girmansa. Mu da ba mu da wannan a Dutsi ko Tibiri, rigakafi ne kaɗai jarinmu.

Ban rubuta wannan don in ci mutuncin kowa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ni dai na fara daga inda ƙarfina ya kai: kowace shekara, kafin hutun damana, lokacin da na san wasu kujerun ajina ba za su sake ganin masu su ba, nakan ajiye littafin nahawu in yi wa ƴan mata da samari bayanin kwana 28 da Hausa. Saura ma'aikatar lafiya, saura sarakuna da limamai, saura kai mai karatu da ke da ɗiya ko ƙanwa da aka sa wa rana. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu zuriya mai lafiya, ya kuma ba mu ikon yin abin da ke wuyanmu a kan lokacinsa.